Mota Ta Ƙi Ja Idan Ka Taka Totur: Yadda Ake Gano Ciwon Kafin a Sayi Kaya

Akwai motar da za ta tashi da bugu ɗaya, ta yi sulo tsaf babu ko girgiza, amma da ka hau titi ka taka totur don ka wuce tirela sai ta noƙe. Ƙafarka na ƙasa, inji na gurnani, gudu bai ƙaru ba. Wannan matsala na cikin waɗanda suka fi cin kuɗin masu mota a banza. Gyaran kansa sau da yawa ba shi da tsada, yadda ake tunkararsa ne ke da tsada: a sauya filogi, bai yi ba, a wanke nozul, bai yi ba, a sayo famfon mai, bai yi ba, daga nan sai ka ji an ce, "Alhaji, ai burenbos ɗin ne ya taɓu," wato ƙwaƙwalwar motar. Duk wani "bari mu gwada wannan" daga aljihunka yake fita.

Inji na buƙatar iska, da mai, da tartsatsin wuta a kan lokacinsa, da matsi a cikin silinda, da kuma hanyar da hayaƙi zai fita. A sulo kaɗan yake nema daga kowannensu, shi ya sa famfo mai rauni ko kwayil (mai ba filogi wuta) da ya gaji za su iya ɗaukar nauyin. Sai an taka totur buƙata ta ninka, sannan mai raunin ya tona kansa. Aikinka shi ne ka gano wanne ne ya gaza, kana farawa da gwajin da ba ya cin ko sisi. Zan riƙa misali da Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai inji 1.8, saboda yawanta a titunanmu, amma tsarin ɗaya ne a kusan duk motar fetur mai injekta.

Mataki na 1: Tabbatar cewa injin ne ma

Nemi titi miƙaƙƙe mara cunkoso, ka taka totur, idonka a kan allurar da ke nuna juyin inji. Idan allurar ta harba sama, inji ya yi ƙara, amma mota ba ta ƙara gudu daidai da ƙarar ba, to injinka lafiya lau yake. Ƙarfin yana fitowa, a hanya yake zubewa. A mota mai giyar hannu kuloci ne ya cinye, kuma sau da yawa za ka ji ƙauri bayan hawa. Ka gwada shi a giya ta huɗu kana tafiya a hankali, ka danne totur gaba ɗaya. Kuloci mai kyau ba ya barin allura ta tsere wa mota. A giyar otomatik kuwa, ka zaro sandar man giya ka duba: in ya yi ƙasa, ko ya koma baƙi yana ƙauri, wajen mai giya za ka nufa.

Sai birki. Bayan tafiyar minti goma ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya ka kai hannu kusa da kowace ƙafa, ba tare da ka taɓa ba. Wadda ta fi sauran zafi sosai birkinta ya kama. Ka leƙa ƙarƙashin totur ma, domin shimfiɗar ƙafa kan naɗe ta hana shi kaiwa ƙasa, kuma an sha kai mota gareji a kan wannan.

Akwai kuma raunin da ba ciwo ba ne. Injin da ba shi da tobo yana rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 100 da aka hau, saboda iska na ƙara sirancewa. Jos tana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200. Don haka ƙaramar mota da ta ɗauko mutum biyar da kaya, ga na'urar sanyaya ɗaki a kunne, in ta yi nishi a Hawan Kibo ba ta yi laifi ba.

Mataki na 2: Lura da yadda take gazawar

Kafin ka buɗe bonet, ka amsa wa kanka waɗannan, domin rabin binciken a nan yake.

In tana fizga tana kakkarwa, musamman a hawa ko idan ka taka a babbar giya, wato abin da makanikai ke cewa tana misin, zargi na farko na kan filogi da kwayil. In kuwa tana ja lafiya a cikin gari, sai ka kai wani gudu ko ka daɗe da danne totur sannan ta shaƙe, ka ɗaga ƙafa ta dawo hayyacinta, wannan alamar ƙarancin mai ce. In da safe tana da ɗan ƙarfi, amma tana ɗaukar zafi tana ƙara mutuwa har ta kasa wuce kilomita 60 ko 80, ka tuna da salansa. In ta ɗan yi shiru na daƙiƙa guda lokacin da ka taka sannan ta zabura, ka fara da ɓangaren iska.

Hayaƙi ma na magana. Baƙi, mai ya yi yawa. Shuɗi-shuɗi, tana ƙona baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi, ruwan lagireto na shiga silinda, ke nan gasket.

Tambaya ta ƙarshe, wadda mutane kan manta: me aka yi wa motar dab da matsalar ta fara? An sha mai a sabon wuri? An wanke inji da ruwa mai ƙarfi? An yi sabis? Ciwon da ya zo rana ɗaya yawanci yana da mafari da za a iya nunawa da yatsa.

Mataki na 3: Sa mata kwamfuta

Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da motocin fetur na Turai daga 2001, suna da soket mai ramuka 16, yawanci a ƙarƙashin sitiyari. Ƙaramar na'ura irin ELM327 da manhaja a wayarka sun isa su karanto abin da ƙwaƙwalwar motar ta adana. Ko fitilar cek-inji ba ta kama ba ka sa, domin a motocin da suka sha hannu akan cire ƙwan fitilar ko a liƙe ta. Gane haka ba wuya: ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, dole fitilar ta kama.

Lambobin da suka fi fitowa a wannan matsala su ne P0300, wato misin a silinda daban-daban, P0301 zuwa P0304, misin a silinda ta ɗaya zuwa ta huɗu, P0171, iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, P0172, mai ya yi yawa iska ta yi kaɗan, P0101, sensar iska, P0420, katalis, wato matatar hayaƙi da ke cikin salansa, P0016, tayimin ya goce. Ka rubuta su kafin kowa ya goge. Wasu masu kwamfuta gogewar ce kawai sana'arsu: fitila ta mutu, ka biya, bayan kwana biyu ta dawo.

Lamba ba ta cewa "sayi kaza". Tana nuna unguwar da ciwon yake ne kawai. P0171 na iya zama tsagaggen tiyo, ko sensa mai datti, ko famfo mai rauni. Abin da ke rarrabe su shi ne wasu alƙaluma biyu da manhajar ke nunawa, STFT da LTFT. Injin fetur na son kusan kilo 14.7 na iska ga kowane kilo 1 na mai, kuma waɗannan alƙaluma na nuna yawan man da ƙwaƙwalwar ke ƙarawa ko ragewa don ta riƙe wannan ma'auni. Ka haɗa su biyun. Kusa da sifili, lafiya. In sun haura +10 a sulo, amma da ka ɗaga juyin inji zuwa 2,500 suka sauko, iska ce ke satar hanya ta wani tsagi. In a sulo suna daidai, sai an taka suke hawa, to mai ne ba ya isa, ko sensar iska na ƙarya. Wannan gwaji na minti biyu ya fi wanke nozul sau uku amfani.

Gargaɗi ɗaya: in fitilar cek-inji tana ƙiftawa, ba kamawa kawai ta yi ba, ka rage gudu ka nemi wajen tsayawa. Ɗanyen fetur ne ke zuba cikin salansa yana dafa katalis. Ka ci gaba da tafiya a haka, ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Mataki na 4: Iska

Buɗe akwatin iyakilina ka ɗaga matatar ka kalli rana ta cikinta. In haske ba ya ratsawa, ta gama aiki. Littafin mota na iya ba ta dogon wa'adi, amma ba a rubuta shi da ƙurar hunturun Kano ko Maraɗi a rai ba. Bayan kowane hunturu a duba ta. Hura ta da iskar mai faci na fitar da ƙurar sama, amma iska mai ƙarfi na yaga takardar, kuma yagaggiyar matata ta fi toshasshiya illa, domin yashi zai wuce kai tsaye ya ci ringi.

Bayan akwatin akwai sensar iska, wadda makanikai ke kira eyafulo. A Corolla sukurori biyu ne ke riƙe da ita. A cikinta akwai wasu siraran wayoyi da ake ɗumamawa, iskar da ke wucewa tana sanyaya su, da haka ake auna yawanta. In ƙura ta lulluɓe su sai su auna ƙasa da gaskiya, ƙwaƙwalwa ta ba da mai kaɗan, mota ta noƙe daidai lokacin da ka fi buƙatarta. Ka fesa mata maganin da aka yi don ita, ko na wanke kayan lantarki, ka bar ta ta bushe da kanta. Ban da fetur, ban da tsinke, ban da auduga, ban da baki. A manhaja, injin 1.8 da ya yi zafi yana sulo ya kamata ya nuna giram 2 zuwa 3 a daƙiƙa, kuma adadin ya tashi nan take da ka taka.

Daga nan ka bi baƙin tiyon roba da ya tafi bakin injekta, kana lanƙwasa shi da hannu. Tsagi na ɓuya a cikin lanƙwasar, ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa, kuma yana buɗewa ne idan inji ya motsa lokacin da aka taka. Shi kansa bakin injektan, in ya yi baƙin datti, a goge shi da tsumma da magani. A motocin da toturinsu na lantarki ne, kar a banƙare murfin da ƙarfi, kuma kar ka tsorata in sulo ya ɗan hau bayan wankin. Yakan daidaita bayan 'yar tafiya.

Mataki na 5: Wuta

Ka bar inji ya huce, ka kwance filogi ɗaya bayan ɗaya kana jera su yadda suke a inji. Kan filogi mai lafiya ruwan ƙasa ne mai haske. Baƙi busasshe, mai ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai na shiga. Fari fat, mai ya yi kaɗan ko inji na zafi. Wanda ya bambanta da 'yan'uwansa shi ke nuna silindar da ke da magana. In ka tarar ramin filogin cike da baƙin mai, robar murfin inji ce ke yoyo, kuma man na sa wuta ta tsallake. Sai an sauya robar, in ba haka ba sabon kwayil ma zai bi sahun tsohon.

Gano mataccen kwayil ba ya buƙatar saye. A ce kwamfuta ta ba da P0302. Ka ɗauke kwayil na biyu ka musanya shi da na uku, ka goge lambar, ka zaga. In ta koma P0303, kwayil ne, guda ɗaya za ka saya ba huɗu ba. In ta tsaya a P0302, ka musanya filogin. In har yanzu ba ta motsa ba, saura nozul ko matsin wannan silindar.

Filogi na gama-gari kan kai kilomita 30,000, na iridiyom kuma ya haura 100,000, in na gaske ne. Jabu sun cika kasuwa, a kwali mai kyau da suna mai kyau, kuma araha ba ta ado. Ka sayi lambar da aka rubuta wa injinka, ba wadda ta shiga ramin kawai ba.

Tsofaffin motoci irin Golf 3 suna da distiribito da wayoyin filogi. Ka buɗe bonet da dare inji na aiki. In wayoyin sun tsufa za ka ga shuɗin tartsatsi na tsalle a jikinsu.

Mataki na 6: Mai

A nan aka fi yin asara, don haka a nan ya kamata a fi natsuwa.

Fara da man kansa. In matsalar ta biyo bayan shan mai, musamman na galan a bakin titi, a zuƙo kaɗan a zuba a farar kwalba a ajiye minti goma. Ruwa zai kwanta a ƙasa, layinsa a fili. Fetur da aka gauraya da kananzir kuwa yana sa inji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan an taka, ƙwaƙwalwa ta ja tayimin baya don kare inji, ƙarfi ya tafi. Ba a bakin titi kaɗai ake gamuwa da wannan ba: a farkon shekarar 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol Najeriya, kuma motoci da dama sun lalace bayan shan mai a gidajen mai. In man ne, magani shi ne a juye tankin, ba a zuba wani ruwan kwalba a kai ba.

Sai famfo. Jin ƙararsa idan an murɗa makulli ba shaida ba ce, haka nan cire tiyo a ga mai na tsartuwa. Famfon da ya gaji ma yana tsartuwa. Gejin auna turin mai ake sawa. Yawancin motocin injekta na aiki tsakanin psi 40 zuwa 60, Corolla da muke misali da ita kuma 44 zuwa 50. Abin dubawa shi ne ko allurar gejin na faɗuwa lokacin da aka taka totur da ƙarfi. In ta faɗi, mai ba ya isa. Duk makaniken da ya ce maka famfo ne, ka tambaye shi cikin girmamawa, "Oga, nawa gejin ya nuna?" In ba shi da geji, lalube yake yi.

Ko gejin ya nuna rauni, kar a yi saurin yanke wa famfon hukunci. Matatar mai na iya toshewa. A Golf 3 tana waje a ƙarƙashin mota, sauyinta ba wuya. A Corolla tana cikin tanki tare da famfon, ana isa gare su ta ƙarƙashin kujerar baya, kuma akwai ƙaramar raga a gindin famfon da laka ke liƙewa. A kuma auna wutar da ke isa famfon inji na aiki. Ya kamata ta yi kusa da ta batir, wato bolt 13.5 zuwa 14.5. Soket da ya ƙone ko waya mai tsatsa na sa lafiyayyen famfo ya yi aikin mara lafiya.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da yawanmu a jar fitila muke yawo, ana zuba lita uku lita biyar. Famfon kuwa a cikin fetur yake zaune, fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Tanki a bushe kullum na nufin famfo cikin zafi kullum. Wanda zai iya, ya riƙe tankinsa a kwata ko sama. Kuɗin man ɗaya ne, sau ɗaya kawai za ka cike giɓin.

Wanke nozul shi ne na ƙarshe a wannan layi, ko da yake a gareji shi ake fara kawowa. In za a yi, a yi shi a injin gwaji inda za ka ga nozul huɗun suna feshi cikin kwalabe, ka ga ko sun zuba daidai da juna. Kuma duk aikin da ya shafi layin mai, a fara cire fis ɗin famfo a bar inji ya mutu da kansa don turin ya sauka, a yi shi a fili, babu sigari, babu mai walda a kusa.

Masu Golf da ke gajiya su ce a cire injekta a sa kafireta, ni dai ban ga riba a ciki ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago: motar za ta tashi, amma shan mai ya ƙaru har abada, a kan matsalar da wataƙila sensa ɗaya ce.

Mataki na 7: Salansa

A cikin salansa, kusa da inji, akwai katalis, wanda a gareji ake kira indomi saboda ƙananan ramukansa. In misin ya daɗe, ko inji na ƙona baƙin mai, ramukan na narkewa su toshe. Hayaƙi ya rasa hanyar fita, sabuwar iska ta rasa wajen shiga. Alamominsa: warin ruɓaɓɓen ƙwai, zafi mai yawa a ƙarƙashin mota, ƙarar ɓaraguzai idan an bubbuga shi a sanyaye, da hayaƙi mara ƙarfi a bakin salansa ko an taka.

Gwajinsa shi ne a kwance sensar oksijin ta gaba, wadda ke kafin katalis, a bar ramin a buɗe, a yi 'yar gajeriyar tafiya. Za ta yi ƙara, fitila za ta kama, ba komai. In ƙarfi ya dawo, an kama ɓarawo. Mai geji zai iya ɗaura shi a wannan ramin: a juyi 2,500 bai kamata ya wuce psi 3 ba.

Ka tsaya a wajen da ƙafarka yayin wannan aiki. Katalis na ɗauke da ƙarafa masu tsada, filatinom da faladiyom da rodiyom, kuma akwai masu sayensa. Shi ya sa wasu ke saurin cewa ya toshe tun ba a gwada ba. In ya tabbata ya mutu, naka ne, a ba ka abinka. Sannan a gyara abin da ya kashe shi kafin a sa wani.

Mataki na 8: Tayimin da matsi

In duk na sama sun fita lafiya, sai a shiga cikin inji. Motoci masu bel ɗin tayimin, irin Golf 3 da Peugeot 406, bel na iya tsallake haƙori ɗaya, ko a ɗaura shi a goce lokacin sauyi. Mota za ta tashi amma ba ƙarfi. A buɗe a duba alamomin. Corolla sarƙa gare ta, amma tana da bawul ɗin VVT-i, mai daidaita tayimin, da ke aiki da baƙin mai, da wata 'yar raga a kusa da shi. Baƙin mai mara kyau ko wanda ya daɗe ba a juye ba na toshe su, kuma wanki kawai kan wadatar.

Kafin kowa ya ce a sauke inji a yi ringin, a auna matsi. A injin Corolla 1.8 ana son kusan psi 189, kar ya gaza 145, kuma bambanci tsakanin silinda da silinda kar ya wuce 15. In ɗaya ta yi ƙasa, a ɗiga ɗan baƙin mai a ramin filogi a sake aunawa. Ya tashi, ringi ne. Bai tashi ba, bawul ne ko gasket. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare, gasket ne ya ƙone a tsakaninsu.

Ka kuma tambaya ko an taɓa cire tamostat, wato bawul ɗin da ke riƙe zafin inji daidai. Al'ada ce a garejinmu a cire shi a haɗa fanka kai tsaye wai don zafin ƙasarmu. Injin da ba ya kai zafin aikinsa, wajen digiri 85 zuwa 95, ƙwaƙwalwa na ɗaukarsa a matsayin wanda bai gama ɗumi ba, ta yi ta ƙara mai, filogi ya yi baƙi, katalis ya wahala.

Masu motar gas, wato dizal, irin Hilux, tsarin bai canza sosai ba, sai dai babu filogi da kwayil. Ku fara da matatar mai da ruwan da ke taruwa a gindinta, sannan tiyon tobo. Baƙin hayaƙi tare da ƙarar fito idan an taka na nufin tiyon ya fashe, kuma kwamfuta kan ba da P0299. Bawul ɗin EGR, mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, in ya cika da baƙin toka shi ma na shaƙe su.

Duk abin da aka gyara, a gyara shi shi kaɗai, a goge lambobi, a koma titin da matsalar ta saba bayyana, a giyar da ta saba bayyana, inji da zafinsa. In aka sauya abu uku a lokaci guda mota ta warke, ba za ka taɓa sanin wanne ne ba, kuma biyu daga ciki ka saye su ne a banza. Bayan tafiyar kwana biyu ko uku ka sake sa kwamfuta: LTFT ya dawo ƙasa da 10, babu lambar da ta sake fitowa. Tsofaffin kayan da aka cire kuma ka karɓi abinka ka sa a but, domin kwayil ko famfon da aka zarga bisa kuskure zai yi maka rana a hanya.